Abin da Zanzaro Ya Faɗa wa Magini

Ɗakin kakata ba shi da kusurwa ko ɗaya. Kago ne irin na ƙasarmu, kewayayye, ginin jar ƙasa, da jinka mai kauri wadda ta sauko ƙasa-ƙasa har sai babba ya sunkuya kafin ya shiga. Kowa ya san ruwan Maska ba ya zuwa da wasa. Amma in ya kece, sai dai mu ji shi yana sulalewa ta kan ciyawar nan yana zuba can nesa da gindin bango, mu kuwa muna ciki, ko ɗigo bai taɓa mu ba. Daɓen ɗakin baƙi ne, sumul, ya sha makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, har yana ɗaukar hasken wuta. A gefe guda akwai gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, inda Kaka ke tura garwashi saboda ciwon gwiwarta. A bakin ramin nan muke taruwa da an ci tuwon dare, ni da yayata Hanne da 'ya'yan maƙwabta, kowa da 'yar gujiyarsa a hannu yana neman wurin turawa cikin toka.

Kaka ba 'yar gari ba ce asalinta. A ruga aka haife ta, cikin bukkar da ake kafawa yau a tashe ta in ciyawa ta ƙare. Ita da bakinta take ba mu labarin yadda ta haɗu da kakanmu, wanda magini ne, ya rasu tun kafin a haife ni.

"Tallar nono ta kawo ni," in ji ta. "Na ga wani bisa katanga, taɓo har gira, ana jefa mashi tubali daga ƙasa yana cafewa kamar mai cafe ƙwai. Na tsaya kallo har nonona ya yi tsami."

Ta ce ranar da ta tare, Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba. Ta san gaisuwa, ta san "albarka", shi ke nan. Kakanmu ne yake kama hannunta ya ɗora a kan abu ya faɗi sunansa, ita kuma ta maimaita, yana dariyar yadda harshenta ke karkacewa. A haka ta koyi ɗakin aurenta daga gindi har ƙoli. Lokacin da muka yi wayo, duk unguwarmu ba wanda ke kiranta da sunan yanka, sai Uwar Daɓe. Ba a yin sabon ɗaki a ce an gama sai ta zo ta zuba burji, ta jera mata da madaɓansu, ta ɗauko waƙa suna bugu suna amshi har ƙasa ta kwanta.

To, Kaka ba ta ba da tatsuniya haka kawai. Tana da goronta, goron kuwa suna ne. Za ta zauna da audugarta da mazarinta tana kaɗi, sai ta ɗaga haɓa ta nuna wani abu a ɗakin.

"Ke Lami, mai idon mujiya. Mene ne wancan?"

"Itace ne, Kaka."

"Itace! Muciya ma itace ce. Da ita za ki rufa ɗaki?"

Yara su kwashe da dariya. Sai ta ce, "Tsaiko ke nan, shi ke ɗauke da jinka kamar yadda haƙarƙari ke ɗauke da mutum. Faɗi in ji." In faɗa. Ta juya ga Hanne, ta nuna tudun da ake tsallakewa a shigo. Hanne ta ce dokin ƙofa. Ta nuna marufin ƙofa na ciyawa, wani ya ce tufaniya. Wanda ya ce "abin nan", ranar gujiyarsa ta Kaka ce.

"Abin da ku kuka tsinta a bakin uwayenku, ni da gumi na same shi," haka take cewa. "Ba zan zuba ido ku mai da shi 'abin nan' ba."

Ni tun ina ƙarama haka Allah ya yi ni, mai fargaba. In an tura ni rijiya sai na leƙa sau uku ko wani ya faɗa. In hadari ya haɗo sai na ƙirga kaji. Wata rana iska na kaɗawa na ce, "Kaka, in jinkar nan ta faɗo mana fa?" Ko ɗagowa ba ta yi daga kaɗinta ba, ta ce, "Sai mu sa ta malfa mu fita kasuwa." Daren ne, ina jin don ni, ta yi mana tatsuniyar Zanzaro. Ta sha maimaita ta bayan nan, amma ta farkon ce ta zauna mani.

Kaka tana da tata hanyar buɗewa. Ta ce, "Ga ta nan tafe, ƙafarta duk taɓo."

Muka ce, "Ta goge a dokin ƙofa ta shigo."

Wai wani attajiri ne a wani gari ya gina soro, irin mai rufin ƙasa wanda ake jera azara a shimfiɗa zana a kai, sannan a zuba ƙasa a daddale. Yana da jariri ɗaya tilo da ya daɗe yana roƙon Allah, a cikin soron yake kwana. Akwai kuma wasu baƙi uku a ɗakin waɗanda ba wanda ya gayyace su. Ɓera yana gindin bango. Ƙadangare yana can sama yana shan hantsi. Zanzaro kuwa ya maƙala ɗan ɗakinsa na taɓo a lungu, kusa da rufi. Su ukun nan duk sun san ɗakin ba shi da lafiya, don gara ta shiga rufin tana ci a ɓoye.

Ɓera ne ya fara jin tauna. Ya fito a guje ya bi ta kan ƙafar attajiri yana ihu, "Za a mutu! Za a mutu!"

Attajiri ya ce, "Wa zai mutu? Me zai kashe shi?"

Ɓera ya ce, "Oho! Ni dai jikina bai ba ni ba."

Aka bi shi da tsintsiya, washegari aka kawo kyanwa.

Ƙadangare ya ce shi babba ne, ba zai yi haukan Ɓera ba. Ya sauko da jan rawaninsa, ya tsaya a ƙofar zaure, ya yi gaisuwa mai kyau. A nan Kaka takan ajiye mazari ta dafa ƙasa da hannu biyu tana gyaɗa kai, mu kuwa har mu faɗi don dariya.

"Ranka ya daɗe, akwai abu."

"Wane abu?"

"Wani abu dai."

"A ina?"

"Can sama, wajen abin nan da ke kan abin nan."

Attajiri ya yi dariya har da hawaye, ya ce yara su raka baƙo da hoge.

Shi Zanzaro bai je wurin attajiri ba sam. Ya tafi bakin kududdufi inda yake ɗibar taɓonsa kullum, ya tarar da maginin da ya gina soron yana cuɗa ƙasa da ƙafa. Ya sauka a kafaɗarsa ya ce, "Sannu da aiki, abokin sana'a. Azara ta huɗu in ka ƙirga daga ƙofa, gara ta shige ta ta kan da ke cikin bangon gabas. Bayanta lafiya lau, cikinta gari. Zanar da ke kanta ta fara saki. A ƙarƙashinta jariri yake kwana."

Magini ko ƙafa bai wanke ba. Ya isa gidan da taɓonsa, ya ƙwanƙwasa azarar, ta amsa kamar busasshiyar ƙwarya. Ya sunkuci jariri ya miƙa wa uwarsa. Ba su gama ƙetare tsakar gida ba sai rufin ya rufto, rim, a kan tabarmar da ba kowa.

Da aka zo sake gini, Zanzaro ya ci ɗamara yana taya magina ɗaukar taɓo. Kullum yana ƙara tamke ɗamara, yana ƙara tamkewa, har ƙugunsa ya koma kamar zare, haka kuma ya zauna har yau. Ƙadangare har gobe yana kan katanga yana gyaɗa kai, wai "ai na faɗa, ai na faɗa." Ɓera yana nan yana gudunsa, ba mai tambayarsa me ya gani. Attajiri kuwa ya ce duk wanda ya fasa ɗakin Zanzaro a gidansa, ya nemi wani gidan.

"Ƙurunƙus," in ji Kaka. "Na rataye ta a tsaiko. Mai son wata gobe ya zo da suna."

Kowa ya ji daɗi ban da ni. Tausayin Ɓera ya kama ni. Na ce, "Kaka, ai Ɓera ma gaskiya ya faɗa."

Ta tsai da mazarinta, ta dube ni, irin duban da ba ta cika yi ba. Ta ce, "Gaskiya ya faɗa. Su ukun ba maƙaryaci. Amma tsoro ba shi da mariƙi, 'yar nan. In kin miƙa wa mutum tsoro tsurarsa, bai san inda zai kama ba, sai ya sake shi ya faɗi. Ki yi mashi mariƙi."

Hanne ta ce, "Wallahi Lami ce Ɓera."

Aka sake fashewa da dariya, sunan kuma ya bi ni har na yi girma. Ni dai na tafi na kwanta ina jin haushi, ban gane wane mariƙi ake yi wa tsoro ba.

Kaka ta rasu shekara guda kafin aurena, ba ita ta yi daɓen ɗakina ba. Aka kawo ni nan Mahuta. Maigidana, Malam, manomi ne da damina, da rani kuma yakan bi ayari da jakunansa ya kai rinannun zannuwa arewa. Mutum ne mai sauƙin kai da son faranta wa iyali. A tafiye-tafiyen nan ne ya ga sorayen manyan birane, masu zanko a kowace kusurwa kamar kunnen zomo a tsaye, abin ya shiga ransa. Da Allah ya sauke ni lafiya na haifi ɗa namiji, sai ya ce shi kam uwar ɗansa ba za ta zauna a kago ba, soro zai gina mata.

Ya kira Baba Tanko, tsohon maginin garin. Ina bayan danga ina jin su. Baba Tanko ya ce, "Zan gina maka, ba abin da ya gagara. Amma ƙasar nan ba arewa ba ce. Can ruwa baƙo ne, ya kwana biyu ya wuce. Nan ɗan gida ne. In ka yi rufin ƙasa, ka ɗora mashi jinka a bisa, kamar yadda na ga ana yi wajen kudu."

Malam ya ce, "Haba Baba! In yi zanko in lulluɓe shi da ciyawa? Sai ka ce wanda ya ɗinka riga mai aska ya yafa buhu a kai."

Baba Tanko ya ce, "To, mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Amma kai ba ka sani ba tukuna."

Ya yi aikinsa tsakani da Allah. Ya bar kowane layin tubali ya sha rana kafin ya ɗora wani. Ya shafe saman rufin da laso, irin wanda ake haɗawa da katsin marina don kada ruwa ya ratsa. Ya sa indararo biyu na zubar da ruwa, ɗaya gabas ɗaya yamma. Ya gina mani gadon ƙasa a jikin bangon yamma. Ba zan ɓoye ba, na so ɗakin nan. Da rana sanyi kamar randa. Mata suka yi ta zuwa kallo. Wata guda na yi ina share kusurwa ina mamaki, don ban taɓa zama inda shara ke da maɓoya ba.

Damina ta farko ta sauka, yaron yana rarrafe. Da marka ta kankama, ruwa yau ruwa gobe, sai na lura da wani abu. Indararon gabas yana kwarara kamar an karkata tulu, na yamma kuwa ɗiga kawai yake, ɗis, ɗis. Bayan 'yan kwanaki na ga rufin ya yi duhu ta wajen gado. Wata safiya na tarar da ɓarɓashin ƙasa a kan zanen da na lulluɓe yaron da shi.

Na kakkaɓe zanen. Da Malam ya shigo na ce, "Malam, ni ɗakin nan tsoro yake ba ni."

"Me ya yi maki?"

"Ni dai jikina bai ba ni ba."

Ya yi murmushi, ba na wulakanci ba. Ya ce, "Ke da kika sa na rufe rijiya da itace uku tun yaro bai iya zama ba? Ke da kika ce akuya tana yi mashi kallon mugunta? Kwantar da hankalinki, ginin Baba Tanko ne."

Gaskiyarsa. Na yi ihu sau da yawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na je wurin uwar mijina, Inna, na ce mata hankalina bai kwanta da inda yaron ke kwana ba. Ta riƙe haɓa. "Lami! Ɗan fari ne fa. Ina kunyarki? Mu a zamaninmu ko kallonsa ba ma yi gaban mutane, balle mu zo muna faɗin inda yake kwana. Allah ke tsare yaro, ba idon uwa ba." Ita ma tana son jikan nan kamar ranta, amma abin da ta sani ke nan. Ni ma shi na sani. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi mashi wasa a gaban surukai ba.

Fita daga ɗakin kuwa ba ta yiwuwa. Mutum ya tara ƙarfinsa ya gina maki abin da babu irinsa a gari, ki kwashi tabarma ki koma ɗakin uwarsa? Kafin azahar za a ce kin yi yaji, ko kin raina. Gadon ƙasa kuma ba a jan shi. Sai na koma shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ni da yaron, in naɗe ta da asuba kafin kowa ya gani. Kwana huɗu ina haka.

Rana ta biyar da hantsi ina zaune ina ba shi nono, idona a sama kamar kullum, sai ga zanzaro ya shigo ta taga da ɗan taɓonsa. Na bi shi da kallo. Ya wuce lungun gabas, can yake gini. Sai na tuna ai da farkon damina a lungun yamma ya fara. Na waiwaya. Ga rabin ɗakinsa nan a yamma, ya bar shi bai ƙarasa ba, har ya jiƙe ya fara narkewa.

Wallahi sai na ji muryar Hanne kamar tana bayana: Lami ce Ɓera. Na tuna abin da na ce wa Malam. Ko kalma ɗaya ban sauya daga maganar Ɓera ba.

Na goya yaron. Na ɗauki gorar da nake share yana da ita, na tsaya a bakin ƙofa na fara ƙirga azara. Kowace na ƙwanƙwasa. Ta ɗaya har ta biyar suna amsawa da ƙarfi, ƙwas, ƙwas. Ta shida da ta bakwai suka amsa kamar an bugi jiƙaƙƙen dankali. Na duba inda kawunansu suka shiga bango, na duba zanar da ke kansu. Da aka yi ruwan la'asar na fita da faifai a ka, na tsaya ina kallon indararon nan biyu har zanena ya jiƙe. Daga nan na zauna ina jera maganar a raina, ina maimaitawa kamar mai tilawa, ni da allona bai yi nisa ba.

Allah ya taimake ni, washegari Baba Tanko ya shigo gidan gyaran gindin rumbun Inna. Na dama fura na ɗauka da kaina, abin da ban saba ba. Na durƙusa nesa kaɗan na ajiye.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa, amaryar soro. Yaya daɗin birni?"

Ya ɗauki ludayi. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, indararon yamma ba ya zubar da ruwa, ɗiga yake yi, na gabas kuwa yana kwarara. Ina jin ruwa yana kwana a sama. Azara ta shida da ta bakwai daga ƙofa sun yi baƙi ta kan da ke cikin bangon yamma, in an ƙwanƙwasa ba sa amsawa kamar 'yan'uwansu. Zanar da ke kansu ta yi ciki, ƙasa tana zubowa. A ƙarƙashinsu gadon yake."

Inna ta leƙo daga ɗakinta. "Lami! Wa ya aike ki?"

Baba Tanko bai kai ludayin nan baki ba. Ya mai da shi cikin ƙwarya, ya dube ni, ya ce, "Ke 'yar gidan wa ce?"

Na ce, "Jikar Uwar Daɓe ce ni, ta Maska."

"Haba! Shi ya sa." Ya miƙe yana kakkaɓe hannu. "A kawo mani tsani."

Yana sama Malam ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa. Ya tsaya yana kallo. Baba Tanko ya leƙo ta tsakanin zanko ya ce, "Malam, hau ka ga tafkinka. Kifi kawai ya rage a zuba."

Malam ya hau. Na ji ya ce, "Innalillahi." Ashe lason ya tsage a bakin indararon yamma, ƙasa ta zamo ta toshe shi, ruwa ya taru a rabin rufin yana tsumawa. Da ya taka wurin, ƙafarsa ta nutse har idon sawu. Baba Tanko ya sa sanda ya buɗe bakin, sai ga ruwa ya ɓarke, kore shar da gansakuka, ya yi ta zuba kamar ba zai ƙare ba. Ya sauko ya sa aka sari gwafa biyu aka tokare azarun daga ciki. Ya ce, "Ruwa biyu masu ƙarfi suka rage mashi. Na ukun ba zai tarar da rufi ba."

Sai Inna ta zo ta kwance yaron daga bayana, ta rungume shi, ta ce, "Kwaso tabarmarki ki zo ɗakina. Tsayuwar me kike?"

A kagon Inna muka ƙarasa damina, ƙarƙashin jinka, ina jin ruwa yana sulalewa kamar a ɗakin Kaka. Rabona da barci irin wannan tun kafin haihuwa. Malam ya yi kwana biyu ba ya son haɗa ido da kowa. A rana ta uku na kai mashi tuwo, ya ce, "Lami, me ya hana ki faɗa mani yadda kika faɗa wa Baba Tanko?"

Na ce, "Lokacin ina Ɓera ne, Malam."

"Wane ɓera kuma?"

Dariya ta kama ni har na kasa ba shi amsa. Ya girgiza kai ya ce Allah ya shirye ni, amma na ga shi ma yana murmushi.

Bayan girbi aka sauya azarun nan biyu, aka sake laso, aka kafa tsaiko a bisa rufin aka baibaye shi da sabuwar ciyawa. Zankon nan huɗu suka leƙo ta gefen jinka kamar kunnuwan jaki a cikin malfa. Mutanen gari suka sa mashi suna soro mai malfa. Da farko in an faɗa Malam yakan ɓata rai. Yanzu kuwa in baƙo ya zo, shi ke jan shi ya nuna mashi, yana cewa, "Ka ga, ƙasar nan ba arewa ba ce, nan ruwa ɗan gida ne." Baba Tanko in ya ji sai ya ce, "Madalla da wannan hikima taka, Malam." Inna kuma duk sanda ta ga tsaga a rumbu sai ta ƙwala kira, "Ina mai idon magini? Zo ki gaya mani sunan ciwon nan."

Damina uku ke nan, ko ɗigo.

Ba zan ce na warke ba. Har yanzu ina leƙa rijiya, har yanzu ina ƙirga kaji, yanzu ma da yaron ya samu ƙanwa abin ya zama biyu. Na daɗe ina zaton Kaka ta yi tatsuniyar nan ne don ta kunyata mai tsoro. Sai yanzu na gane ba ta taɓa ce mani in daina ba. Ta dubi jikarta, ta ga haka aka halicce ta, mai ido da fargaba, sai ta ba ta abin da ita kanta ta samu da gumi a bakin magini. Ita ma ai ta taɓa zama a ɗakin da ba ta san sunan komai a cikinsa ba, ta san yadda bakin mutum ke mutuwa alhali idonsa na gani.

Da an ci tuwon dare yanzu, yaran gidan nan sukan taru a ɗakina. Ba ni da muryar Kaka, ƙadangarena ma bai kai nata ban dariya ba. Amma goron yana nan yadda yake. In ɗaga haɓa in nuna, su faɗa. Wanda ya ce "abin nan", gujiyarsa tawa ce. Zanzaro yana da ɗaki uku a lungun gabas, na hana kowa taɓawa, kwanan nan kuma na ga ya koma yamma ya fara sabo.

Yaron yakan zauna can baya, kusa da kakarsa, don ba ya yiwuwa in jawo shi jikina a gaban mutane. Jiya na nuna waje na ce wa ya san abin da ke zubar da ruwan rufi, sai na ji 'yar murya daga baya ta ce, "Indalalo." Kowa ya yi dariya. Ni ban dube shi ba, na ci gaba da kaɗina kamar ban ji ba. Inna tana kallona ta gefen ido, ta ga na yi daidai.

Har yau bakina bai taɓa furta sunansa ba, kuma ba zai furta ba. Amma duk abin da ke bisa kansa in ya kwanta, daga azarar farko har tsinin jinka, ba wanda ban san sunansa ba.